Yadda 'yan fashin teku na ƙarni na 18 suke kishingiɗar da jirgi su wanke masa ciki

Jirgin katako in ya yi wata biyu ko uku a ruwan zafi, irin na Karibiyan ko na gaɓar Gini, ɓangarensa da ke nutse a ruwa yakan koma kamar bangon tsohuwar rijiya. Gansakuka ta lulluɓe shi, ciyawar teku ta yi masa gemu, ga wasu ƙananan halittu masu ɓawo mai tauri da ke mannewa dubbai, sai ka ce an watsa tsakuwa a kan ɗanyen siminti. Jirgin sojan sarki yana da tashar da zai shiga a gyara shi, haka ma jirgin babban kamfani. Ɗan fashin teku kuwa, duk tashar da ke da gwamna igiyar rataya ce ke jiransa a can. Dole ya nemi lungu, ya kwantar da jirginsa a gefe ɗaya har ƙashin bayansa ya fito sarari, ya babbake, ya kankare, ya toshe, ya shafe, sannan ya juya ɗaya gefen. Wannan shi ne kishingiɗar da jirgi. Ga yadda ake yinsa a shekarun da fashin ya fi ƙamari, daga wajen 1715 zuwa 1725, bayan yarjejeniyar Utrecht ta 1713 ta tsayar da yaƙi ta bar dubban matuƙa ba aikin yi.

Dalilin shan wannan wahala

A fara da lissafi. Mai gadi da ke kan jigon jirgi, mita 20 sama da ruwa, yana hango iyakar teku a nisan kimanin mil 9, kuma filafilan wani jirgin sukan bayyana tun kafin nan saboda tsayinsu. A ce an hango jirgin fatake a nisan mil 10. In mai bi ya fi shi gudu da mil ɗaya a awa, zai cim masa cikin awa 10, wato kafin rana ta faɗi in da asuba aka gan shi. In fifikon ya ragu zuwa rabin mil, sai an yi awa 20. Dare zai riga shi, fatake su kashe fitilu su sauya hanya, gari ya waye ba kowa. Wannan rabin mil ɗin shi ne abin da ciyawa da ɓawo suke cinyewa. Haka lissafin yake in aka juya shi: ranar da jirgin soja ne a baya, rabin mil ɗin shi ne tsakanin tsira da rataya.

Abu na biyu ya fi na farko muni domin ba a ganinsa. Akwai halittar da matuƙa ke kira tsutsar jirgi, ko da yake dangin masu ɓawo ce. Tana shiga katako tun tana 'yar mitsitsiya, ta ƙofar da ba ta wuce bakin allura ba, ta yi ta ci tana girma a ciki har ta kai tsawon kamu ɗaya ko fiye. Aikinta aikin gara ne: daga waje falanki lafiya lau, ciki kuwa kamar saƙar zuma. Rufe ƙasan jirgi ta waje da fallayen jan ƙarfe, wanda ya zama maganinta, bai zo ba sai 1761, lokacin da sojojin ruwan Ingila suka gwada shi a jirgin Alarm. A zamanin da muke magana a kai, wuta da ƙaro da kitse ne kawai makamin.

Zaɓen wuri

A nan ne yawancin masu asara suka fara asararsu. Ana neman lungun teku ko bakin kogi da iska da igiyar ruwa ba sa shiga, domin jirgin da ke kwance ko ƙaramar igiyar ruwa tana iya tsinka masa igiya ko ta karya jigo. Ƙasan ruwan ya zama yashi ko laka, ba dutse ba murjani. Gaɓar ta zama mai saurin zurfi, yadda jirgi zai matso kusa da tudu yana nan a kan ruwa. A sami manyan itatuwa na ɗaure igiya, da itacen wuta, da ruwan sha. Mutum 100, in kowa zai sha lita 4 a rana a wannan zafi, mako uku ya haura lita 8,000, ban da na girki da na cika ganguna kafin tashi.

A kula da cikowa da janyewar teku. Inda ruwa ke janyewa sosai, ƙaramin jirgi yana iya hawa yashi lokacin cika, ruwa ya janye ya bar shi a kwance, a yi aiki kafin ya dawo. A yawancin Karibiyan bambancin bai kai rabin mita ba, saboda haka sai an jawo jirgin da igiya. Ruwan kogi yana da nasa amfani: tsutsa da masu ɓawo 'yan ruwan gishiri ne, in jirgi ya daɗe a ruwan daɗi sukan mutu.

Sai maganar mashiga. Wurin da ya fi shi ne wanda jirginka zai shiga, jirgin soja ya kasa. Abin da ya sa 'yan fashi suka taru a Nassau, a tsibiran Bahamas, ke nan kafin Woodes Rogers ya iso da ikon gwamna a Yulin 1718, tashar ba ta da zurfin da babban jirgin yaƙi ke so. Shi ne kuma ya kai ɗan fashi Bartholomew Roberts Tsohuwar Kalaba a 1721, inda tudun yashin bakin kogin bai bar ruwan da ya wuce ƙafa 15 ba, ga hanyar a murɗe, sai da jagora. Amma mashiga ɗaya ita ce mafita ɗaya. Ɗan fashi Stede Bonnet ya shiga bakin kogin Cape Fear, a gaɓar Amurka ta Arewa, a Agustan 1718 don gyaran jirginsa Royal James da ke yoyo, ya zauna kusan kwana 45 yana gyara yana jiran lokacin guguwa ya wuce. Labari ya kai birnin Charleston. Kanar William Rhett ya zo da jirage biyu masu igwa takwas-takwas ya tare bakin kogin. Ranar 27 ga Satumba aka gwabza, jiragen duka suka kafe a yashi suna harbin juna awanni, ruwa ya fara ɗaga na Rhett, shi ke nan. An rataye Bonnet ranar 10 ga Disamba. Wurin bai yi laifi ba, daɗewar ce ta yi yawa. Aikin da za a gama cikin mako biyu, kada a bar shi ya kai shida.

Mutanen tudu su ma ana lissafa su. Ƙasar tana da masu ita. A Kalaba mutanen gari sun ƙi ciniki da Roberts da suka gane ko su wane ne, har aka yi faɗa. George Lowther ya kwantar da jirginsa Happy Delivery a yankin mashigin tekun Honduras a 1722, kaya duk a tudu, mutanen wurin suka auka musu, jirgin ya ƙone. Howell Davis ya gwada wata dabarar a tsibirin Principe a 1719: ya shiga tashar Fotugis da tutar Ingila yana cewa shi mai farautar 'yan fashi ne, aka bar shi ya yi gyara. Asirinsa ya tonu, aka yi masa kwanton ɓauna aka kashe shi a watan Yuni, abin da ya ba Roberts, wanda ke cikin mutanensa, kyaftin ke nan.

Lokaci ma wuri ne. A Karibiyan guguwa tana tsakanin Yuni da Nuwamba, ta fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba. A gaɓar Afirka ta Yamma damina tana hana katako bushewa, tana kuma kawo zazzaɓi. Jiragen sojan Ingila Swallow da Weymouth sun je Principe wanke ciki a 1721, suka binne mutane masu yawa kafin su tashi.

Mutane da kayan aiki

Kafinta shi ne mai aikin, kowa ɗan aikensa ne a waɗannan kwanaki, har kyaftin. Shi ya sa in 'yan fashi suka kama jirgi, kafinta da likita da mai haɗa ganga su ake fara tilasta wa shiga ƙungiya. Bayansa sai mai kula da igiyoyi, wanda zai haɗa kayan ja.

Kafin a shiga lungu a tabbatar akwai ƙaro da kwalta, da kitsen dabba ganga-ganga, da farar wuta in an samu, da tsofaffin igiyoyi masu kwalta da za a warware su zama zaren toshi. A tanadi ƙarafan cusa zare masu faɗin baki, da gudumar katako, da ƙugiyar ciro tsohon zare, da makankara, da babbar tukunyar ƙarfe ta narka ƙaro, da bokitai. Sai falankai da ƙusoshi, da igiya mafi kauri da ke jirgin, da manyan fuli, wato gargaren da igiya ke bi ta kansu don ninka ƙarfin ja. Wanda ya duba jerin abin da 'yan fashin nan suke kwashewa daga jiragen fatake zai ga igiya da filafilai da ƙaro da kayan kafinta sun fi zinariya yawan fitowa. Ba su da kantin da za su saya. Bonnet da ya rasa katako, wani ƙaramin jirgi ya kama ya farfasa.

Abu mafi daraja shi ne jirgi na biyu. Shi zai ɗauki kaya, shi za a iya ɗaura igiyar ja a jikinsa, shi zai tsaya da igwa a shirye, kuma shi ne abin gudu in ta ɓaci.

Sauke kaya

Albarushi ake fara fitarwa, a kai shi nesa da inda za a hura wuta, ta ɓangaren da iska ba za ta kai masa tartsatsi ba, a ɗora gangunan a kan katako a rufe da filafili. Sai igwa. Mai harba dunƙulen ƙarfe na fam 6 tana iya kusantar tan ɗaya tare da kekenta, saboda haka da fuli ake sauke ta cikin kwalekwale, ɗaya bayan ɗaya. Kada a jibge su a bakin gaɓa. A hau da wasu kan tudun da ke kallon mashiga, a yi musu ganuwar ƙasa da itace, a ajiye harsashi da ɗan albarushi a gefensu, a sa masu harbi. Wannan zai ci yini guda, kuma shi ne yinin da ake yawan jin ƙyashin bayarwa. A Oktoban 1723 Kyaftin Walter Moore na jirgin Eagle ya iske Lowther a tsibirin Blanquilla, kusa da Venezuela, jirginsa a kwance, filafilai a kwance, igwa a sauke. Faɗan bai daɗe ba, Lowther da 'yan kaɗan suka tsere cikin daji.

Daga nan a fitar da gangunan ruwa, abinci, anka da ba a buƙata, da duwatsun da ke ƙasan jirgi don ba shi nauyi. Duk abin da aka bari a ciki, a ɗaure shi tam. Ganga ɗaya da ta gangaro lokacin da jirgi ya karkata tana iya fasa falanki daga ciki ko ta karya ƙafar mutum. A yi rumfuna da filafilai a tudu don kaya da marasa lafiya.

A sauke sandunan da ke riƙe filafilai, a sauke ɓangaren sama na kowane jigo, a bar gindin jigon kawai. Da shi za a ja jirgin, kamar yadda ake kama tulu ta wuya a karkata shi.

Shirya jirgin kafin ja

Wannan sashe ne ya fi bukatar natsuwa, domin duk kuskuren da aka yi a nan ba ya nuna kansa sai jirgi ya riga ya kwanta.

Jigo ba a yi shi don ɗaukar nauyin jirgi ta gefe ba. A tokare shi da manyan gungume daga wuyansa zuwa gefen daɓen jirgi, ta ɓangaren da zai yi ƙasa. Ta ɓangaren da zai yi sama kuma, a fitar da gungume ta tagogin igwa su yi tsini waje, a ɗauro ƙarin igiyoyi daga kan jigon su bi ta bakin gungumen su ɗaure a jikin jirgin. Amfanin haka shi ne igiyoyin su buɗe sosai, su karɓi nauyin a madadin itacen. A cire 'yan katakon da suka matse jigon a ramin daɓe, don kada ya tanƙwara a daidai nan ya tsage. Jigon da ya tsage a tsibirin da ba dogon itace, tafiya ta ƙare.

Duk wata kafa ta ɓangaren da zai nutse, a rufe ta: tagogin igwa, magudanan ruwan daɓe, tagogin ɗakin kyaftin. Rufewa kawai ba ta isa ba, sai an cusa zare a kewaye an shafe da ƙaro. A duba falankan sama waɗanda ba su saba shiga ruwa ba, rana ta busar da su, tsakaninsu ya buɗe, su ma a toshe. Edward Low ya yi sakaci da wannan a 1722, a gabas da Surinam. Ya tura mutane da yawa gefe ɗaya na jirginsa Rose Pink, tagogi a buɗe. Jirgin ya karkata fiye da yadda aka nufa, ruwa ya kwararo ta tagogin, ya kife ya nutse da mutum biyu da yawancin abincinsu da ruwan shansu.

A kafa famfo a karkace ta ƙofar rumbun jirgi, bakinsa ya kai kusurwar da ruwa zai taru in an kwanta, domin famfon jirgi na kullum zai koma yana zuƙar iska. A buga 'yan katako a daɓe su zama matakala. A jefa anka biyu ta ɓangaren teku, ɗaya a gaba ɗaya a baya, su riƙe jirgin. In babu su, igiyar ja za ta janyo shi tudu ne kawai maimakon ta karkata shi.

Na ƙarshe, igiyoyin ceto. A zura igiyoyi masu kauri ta ƙarƙashin jirgin, a ɗaure su yadda za su tare shi in ya nemi wuce iyaka, kuma da su za a taimaka masa ya tashi in ya ƙi tashi da kansa.

Ja

A ɗaura fuli ɗaya a wuyan jigo, ɗaya a tudu, jikin gindin babban itace ko anka da aka binne a yashi aka danne da gungume, ko jikin jirgi na biyu. Igiyar ta bi ta tsakaninsu sau da yawa, bakinta ya tafi turmin naɗe igiya wanda mutane ke turawa da sanduna. Jirgi mai jigo ɗaya, ja ɗaya. Babban jirgi irin Royal Fortune na Roberts mai igwa 40, sai an ja ta jigo biyu a lokaci guda, kuma dole su tafi daidai, in ba haka ba ɗaya zai ɗauki nauyin duka.

Murya ɗaya ce ke ba da umarni. A ja kaɗan, a tsaya, kafinta ya shiga ciki ya saurara ya duba yoyo, mai igiyoyi ya taɓa kowace igiya ya ji wadda ta fi 'yan'uwanta tsauri. Da farko jirgin yana turjewa da ƙarfi, mutane su yi ta gumi. Da gefen daɓe ya shiga ruwa sai turjiyar ta ragu, ja ya yi sauƙi. Nan ne haɗarin yake, domin masu turawa sukan ji daɗi su ƙara sauri. A rage hannu a daidai nan, a riƙe igiyoyin ceto, a tafi taku-taku har ƙashin bayan jirgin ya leƙo saman ruwa. A ɗaure. Kada kowa ya tsaya a layin igiyar, in ta tsinke tana yanka kamar takobi.

In akwai alamar iska da dare, a sassauta a bar jirgin ya miƙe, da safe a sake ja. Famfo kuwa ba ya tsayawa muddin jirgi yana kwance. Wannan aikin famfo da na kankara, mafi wahala a cikin duka, sau da yawa fursunoni ake ɗora wa, da 'yan Afirka da aka kwaso daga jiragen bayi. Bonnet fursunoninsa ya sa suka yi masa. Masu ba da labarin 'yan fashin nan a matsayin mutanen da ke zaɓen shugabansu suna raba ganima daidai, gaskiya suka faɗa game da waɗanda suka sa hannu a yarjejeniyar jirgi. Wanda ke tsaye cikin ruwa har ƙugu da makankari a hannu sau da yawa ba ya cikinsu.

Babbaka da kankara

A haɗa gadon katako mai yawo a ruwa, a jawo shi jikin jirgin. A ɗaura damin busasshen kara ko ganyen kwakwa a bakin doguwar sanda, a kunna, a riƙa bin falankan da harshen wutar. Wutar tana kashe ciyawa da masu ɓawo, tana narkar da tsohon ƙaro ya saki dattin da ya riƙe, tana kuma kashe tsutsar da ke kusa da fatar katakon. Ba a barin wutar wuri ɗaya. Mai wuta yana gaba, masu kankara suna binsa tun wurin yana da zafi, mai bokiti da jiƙaƙƙen tsumma yana gefensu. Jirgi duk ƙaro ne da kwalta da busasshen itace, tartsatsi ɗaya da ya shiga ta tsaga ya isa. Tsoron wuta a jirgi ya kai yarjejeniyar mutanen John Phillips ta 1723 ta yanka bulala 39 ga wanda ya sha taba a rumbun jirgi ba murfi a lofensa, ko ya shiga da kyandir ba a cikin fitila ba.

Bayan kankara a share, a bar katakon ya sha iska.

Duba da toshi

Kafinta ya bi falanki ɗaya-ɗaya yana ƙwanƙwasawa da guduma. Lafiyayyen katako yana amsawa da ƙarfi, wanda tsutsa ta cinye yana amsawa kamar ƙwarya. Inda ya yi shakka ya soka tsinken ƙarfe. Ƙaramin ɓaci, a sassaƙe a dasa sabon guntu. Babba, a cire falankin duka. Jiragen da aka gina don ruwan zafi sukan zo da riga: siraran falankai da aka buga a kan shimfiɗar kwalta da gashin dabba, don tsutsa ta ci su ta bar na ciki. In rigar ta ruɓe a ɓamɓare a sa wata, wannan shi ne amfaninta.

Wuraren da suka fi yoyo sanannu ne: tsagar da ke tsakanin ƙashin baya da falankin farko, inda bakin falanki biyu suka haɗu, da inda falankai suka ƙare a goshin jirgi da bayansa. A duba turakun katako da ke riƙe falankai, wanda ya yi laushi a fitar a buga sabo. A duba ƙarafan da allon tuƙi ke rataye a kansu, domin yanzu ne kawai hannu zai kai gare su.

A ciro tsohon zare da ƙugiya. A murza sabo a cinya ya zama kamar tufka mai laushi, a cusa da ƙarfe da guduma, layi bisa layi, har ƙarfen ya fara dawowa da ƙara mai kauri. In an yi sako-sako, jirgi zai tofar da zaren da zarar ya fara aiki a cikin igiyar ruwa. In an matsa fiye da kima, za a buɗe tsagar ko a ɗaga falankin daga mazauninsa, kuma katakon zai kumbura in ya koma ruwa ya ƙara matsewa. A bar ɗan kwari a saman zaren don ƙaro ya zauna.

Ƙaro a tudu ake narka shi, ba a cikin jirgi ba. In bai yi zafi sosai ba, ba zai shiga tsaga ba. In ya wuce, zai ƙone ya zama mai gautsi ya riƙa farfashewa. In tukunya ta kama wuta a rufe ta ko a zuba yashi, ruwa fantsama zai sa ta yi. Kuma ba a zuba ƙaro a jiƙaƙƙen katako, zai kama yau ya ɓare gobe. In an yi ruwan sama, a sake bi da wuta a busar.

Shafi

Jiragen gwamnati suna da farin haɗi na man kifi da ƙaron itace da farar wuta, da baƙin haɗi mai araha na ƙaro da kwalta. 'Yan fashi abin da suka samu suke shafawa, galibi narkakken kitse, a haɗa da farar wuta in akwai. A shafa da zafinsa, da tsumma a bakin sanda, daga ƙashin baya zuwa sama. Kitse yana sa jirgi santsi ƙwarai a makonnin farko, amma ruwa yana wanke shi, shi ya sa bayan 'yan watanni sai an dawo.

In gefe ɗaya ya gama, a sassauta a hankali jirgin ya miƙe, a kwashe ruwan ciki, a juya shi goshi ya koma inda baya yake, a mayar da tokare da gungume ɗaya ɓangaren, a toshe tagogin wancan gefen, a sake komai daga farko. Gajiya takan sa a yi gefe na biyu da gaggawa, kuma jirgin da gefensa ɗaya ya fi ɗaya santsi yakan riƙa ja gefe. Ƙaramin jirgi mai jigo ɗaya da isassun hannaye zai gama cikin 'yan kwanaki, babba sai makonni. Wajen mayar da kaya, duwatsun nauyi ne farko, sai gangunan ruwa, sai jigon sama da filafilai. Igwar tudu ita ce ta ƙarshe.

In ba lokaci

Akwai rabin aiki. A rana mai kwanciyar iska, ba tare da sauke komai ba, a tura igwa da kaya masu nauyi gefe ɗaya, jirgin ya ɗan karkata, a kankare abin da ya fito daga ruwa a shafa kitse, a juya. Yana taimakawa domin ciyawa ta fi yawa kusa da saman ruwa inda rana ke kaiwa. Ba ya taɓa tsutsar da ke ƙasa, ba ya gyara yoyo. Ko a nan ma tagogin gefen da ya yi ƙasa a rufe suke.

Gadi

Mai jirgi fiye da ɗaya kada ya kwantar da su tare, kuma wanda ke tsaye ya zama da cikakkun mutanensa, a farke. A sa mai gadi a tudu mafi tsayi dare da rana. Duk jirgin da ya leƙo ya juya, a ɗauke shi a matsayin mai kai rahoto ko mai jan hankali.

Roberts ya san duk wannan, ya kama jirage wajen 400 cikin ƙasa da shekara uku. Da jiragensa wankakku ya faɗa tashar Ouidah, a Benin ta yau, a Janairun 1722, ya tare jirage 11, ya karɓi fam takwas na garin zinariya a kan kowanne. Kyaftin ɗin ɗaya daga cikinsu, Porcupine, ya ƙi biya, mutanen Roberts suka cinna wa jirgin wuta da bayi kusan 80 a ciki, yawancinsu a ɗaure da mari. Daga nan ya koma Cape Lopez, a Gabon ta yau. Ranar 5 ga Fabrairu jirgin soja Swallow mai igwa 50, ƙarƙashin Chaloner Ogle, ya leƙo, ya kauce don gudun tudun yashi. 'Yan fashin suka ɗauka ɗan kasuwa ne ke gudu. Jirginsu Ranger yana karkace ana wanke shi, suka tayar da shi da gaggawa, suka ƙara masa mutane daga Royal Fortune, ya bi Swallow ana ɗaura filafilai a hanya. Ogle ya ja shi har inda ƙarar igwa ba za ta kai gaɓa ba, ya juyo ya kama shi. Ranar 10 ga wata Swallow ya dawo. Mutanen Roberts sun kama wani jirgi kwana ɗaya kafin nan, yawancinsu a buge suke. Harbin igwa ya sami Roberts a maƙogwaro, mutanensa suka jefa gawarsa a teku. A shari'ar da aka yi a ganuwar Cape Coast, a Gana ta yau, an rataye mutum 52, kuma 'yan Afirka sama da 60 da aka samu a jiragen aka sayar da su bayi.